Direban Da Ya Tsaya a Hanyar Ratanvav

Masaukin masu zuhudu na Jain, Ratanvav, Gujarat
Farkon damina

Yaya Nalin,

Albarkar addini ta tabbata a gare ka, da Mama, da matarka Rupal da yara. Na san tun da na ɗauki farin mayafi ba a so in riƙa rubutu gida, amma wannan ba maganar gida ba ce.

Kanta-ben, matar nan Hindu da ke dafa mana ruwan sha, ta gaya mini jiya cewa direban motar madara yana kurkuku, wai an ce da gangan ya kashe malamarmu, Uwa Padma-shri. Yaya, ba shi ba ne.

Ka saurari yadda aka yi. Mun taso daga ƙauyen da muka kwana bayan gari ya waye sosai, don ka san ba ma tafiya sai ido na ganin abin da ƙafa za ta taka. Ƙaramarmu tana can gaba da akusan abinci, Uwa tana tsakiya da sandarta, ni ina baya. Wata tifa ruwan ɗorawa, maƙare da tsakuwa, ta zo daga bayanmu, ta kauce wa rami, ta kwashe Uwa. Ko birki ba ta taka ba. Na tsaya kamar an dasa ni. Motoci suka yi ta wucewa suna kewaye ta. Sai wata a-kori-kura mai garewanin madara ta tsaya a ɗaya hannun, wani mai gemu da farar hula ya sauko da gudu, ya sunkuce ta daga tsakiyar kwalta.

Ga abin da nake jin nauyin rubutawa. Tun Uwa tana budurwa ta shiga zuhudu, hannun namiji bai taɓa jikinta ba. Da na gan ta a hannunsa, abin da ya zo mini ke nan, ba raunin da ta ji ba. Na ɗaga murya na ce, "Kada ka taɓa ta! Sake ta!" Mutanen rumfar shayi da na gonaki suka ji, suka rugo, suka tarar da shi rungume da ita, rigarsa duk jini, ni kuma ina ihu.

Na ɗora kanta a cinyata ina karanta mata addu'ar ƙarshe. Ina jin ƙarar dukan da suke yi masa a bayana. Ban waiwaya ba.

Bayan nan na ɗauki azumi da shiru saboda rasuwarta. An ce 'yan sanda sun zo, ka tare su a ƙofa ka ce ba na cikin halin magana. Ban ga laifinka ba a lokacin. Yanzu ina cikin halin magana. Ka je wurin sufeto ka ce ya zo ya ji daga bakina, tun da damina ta kama, kuma ka san ba mu da izinin barin gari sai ta wuce.

Ka gaishe da Mama, ka ce ƙafata ta warke.

Mai yi maka fatan alheri,
Sadhvi (mai zuhudu) Maitri-shri

*

Ratanvav, Layin 'Yan Yadi

Zuwa ga Sadhviji Maitri-shri,

Na sunkuyar da kai ina gaishe ki. Ina fata jiki ya yi ƙarfi bayan azumi. Mama tana gaishe ki, ta ce gobe in kin fito karɓar abinci ki biyo ta layinmu, za ta yi shinkafa da wake mai laushi ba yaji.

Na karanta wasiƙarki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ɗan kasuwa ne, ba malami ba.

Ba ki ga jana'izar Uwa ba, kina ɗaki. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Hindu sun rufe shagunansu saboda mutuwar wani namu ba, sai ranar. Kasuwa gaba ɗaya a kulle. Ghanshyam-bhai Dodiya, ɗan Hindun nan mai neman kujerar majalisar jiha, ya cire takalmi ya sa kafaɗa a makara tun daga masauki har wurin ƙona gawa. Kin tuna shi ne bara ya tsaya a kan dutsen Kesar yana cewa sawun ƙafar da ke can na allahnsu ne, ba na waliyyinmu ba, har yaransa suka kori tsofaffinmu daga matakala? To shi ne ya riƙe hannuna ya ce, "Nalin-bhai, ni da ku uwa ɗaya uba ɗaya. A bari zaɓe ya wuce, maganar dutse ta ƙare. Mabuɗin wurin zai koma hannunku." Shari'ar dutsen nan tun Baba yana raye ake yin ta.

Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, Sadhviji. In an tara mu duka ba mu cika unguwa ɗaya ba. Muna da shaguna, ba mu da yawan da zai tsare su.

Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma kin kiɗime a ranar, kuma ƙaramarku ta ce ba ta ga komai ba sai da ta ji ƙara. Ko da yadda kika faɗa ne, wane ne zai amfana in aka ta da maganar yanzu? Gari ya ɗauki zafi. In aka saki mutumin nan gobe, ba zai kai gida da rai ba. Kurkuku ta fi masa tsaro. Bayan bikin Diwali zaɓe zai wuce, ƙura ta lafa, ni da kaina zan nemo lauya a ɓoye. Ba su da hujja, za a sake shi.

Kin bar duniya da rigimarta. Ki bar mana ita, mu da muka rage a ciki.

Ina neman albarkarki,
Nalin Sanghvi

*

Unguwar Ghanchi, bayan tashar mota

Zuwa ga baiwar Allah mai farin kaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ban san yadda ake gaishe ku ba, ki karɓi wannan. Sunana Nasim-banu, ni ce matar Sattar Mansuri mai motar madara. Na zo ƙofarku har sau biyu, mai gadi ya ce ba a shiga da baƙin mayafi. Shi ya sa na ba Kanta-ben wannan. Mun yi makarantar firamare tare da ita, ba ta manta ba.

Ban yi karatu mai zurfi ba, zan faɗa yadda ya zo mini.

An ƙone motar a ƙofar ofishin 'yan sanda, suna tsaye suna kallo. Kamfanin madara ya aiko cewa ba ya aiki da su kuma. An zo an shafa jan fenti a bangon gidanmu, wai ginin ya ci hanya, gidan da kakan mijina ya gina. Mahautan layinmu an rufe musu rumfuna saboda bikinku da ake hana yanka dabba, aka ce kwana kaɗan ne, har yau ba a buɗe ba, kuma ni suke harara in na wuce, kamar ni na jawo musu. 'Yata Rukhsar ta daina zuwa makarantar jinya, don an sa hoton ubanta a wayar kowa.

Na je ganinsa ranar Laraba. Fuskarsa ta kumbura, kunnen hagu ba ya ji. Na ce, "Kai wa ya aike ka? Motoci nawa suka wuce, sai kai mai zuciyar zinariya?" Ya ce, "Nasim, tsohuwa ce kwance a kwalta, wata motar na iya bi ta kanta." Na ce, "To da ka ɗauke ta me ya hana ka ajiye ta ka gudu? An ce an gan ka kana kai da komo da ita a hannu kamar mahaukaci." Ya ce, "Ita ta hana. Zan kwantar da ita a gefen hanya, ta riƙe rigata ta ce, ɗana, ba a kan ciyawa ba, tana da rai. Ruwan farko ya sauka, ko'ina ciyawa. Wurin da babu nake nema."

Ina jin kin san ko wannan maganar irin tata ce. Mijina ba zai iya ƙirƙiro ta ba, bai san addininku ba.

Ya ce akwai wata a bayanta da ta ga komai. Ya ce kada in dame ki, kina cikin makoki. Ni na dame ki. An ce ku ba ku kashe ko sauro, kuna share hanya kafin ku zauna don kada ku danne tururuwa. To ga mutum, mai 'ya'ya uku. Ban san ko ya kai tururuwa a wurinku ba.

Ki gafarce ni in na yi kaushin baki.

Nasim-banu

*

Masaukin masu zuhudu
Washegarin ranar neman gafara

Yaya Nalin,

Albarkar addini a gare ka.

Jiya zaure ya cika maƙil. Kowa ya haɗa hannu yana neman gafarar kowane mai rai, na sama da na ƙasa da na ruwa. Mata suka yi layi suna sunkuyawa a gabana. Na gan ka a sahun maza. Da aka zo wurin da ake cewa "ba ni da gaba da kowa, ina abota da duk halitta," bakina ya ƙi buɗewa. Na rufe fuska da mayafi, suka ɗauka kukan Uwa nake yi. Wata tsohuwa ma ta ce, "Dubi yadda take ƙaunar malamarta."

Matar mutumin ta rubuto mini. Na haɗo maka wasiƙarta, ka karanta ka dawo mini da ita. Maganar ciyawar nan ta Uwa ce, ka sani, na sani. Tana bakin mutuwa ta kira shi ɗana. Ni da lafiyata na yi masa ihu.

Da ka ƙi zuwa, na aika Kanta-ben ta kira sufeto. Ya zo, ya cire takalmi, ya sunkuya har ƙasa, ya ce, "Ranki ya daɗe, magana ta bar hannuna, tana gaban majistare a Shihor Road. Kada ki wahalar da kanki da ƙazantar duniya." Ko biro bai ciro ba. Na aika wa babban malaminmu neman izinin zuwa can. Amsa ta zo cewa mai zuhudu ba ta ƙetare kogi da damina, kuma ba ta shiga kotu.

Tambaya ɗaya nake da ita. Kai kana bin hanyar nan kowane mako zuwa sarin yadi. Tifofin wa ke ɗaukar tsakuwa a kanta, masu launin ruwan ɗorawa? Ni ban san mota ba. Kai ka sani.

Jibi zan tafi wurin majistare. Ba izininka nake nema ba, ina gaya maka ne don Mama ta ji daga bakinka, ba daga kasuwa ba.

Maitri-shri

*

Kinjal,

Ki yafe mini, yau ba zan iya kiranki da sunan zuhudu ba. Ƙanwata nake rubuta wa.

Tifofin da kika tambaya na surukin Ghanshyam-bhai ne. Wurin fasa dutsensa yana bayan Kesar, kuma babu mai tifa irin wannan launin a yankin nan sai shi. Tun layin da kika rubuta "ruwan ɗorawa" a wasiƙarki ta farko na sani. Na ninke ta, na zauna na rubuta miki zancen shinkafa da wake.

Na je gidansa yau da hantsi. Yana kan lilo a baranda, ana yi masa aski. Na faɗa masa. Bai ko motsa ba. Ya ce, "Direbobi suna da yawa, Nalin-bhai, wa ya san wanda ya fita ranar? Ni ban ce Musulmin nan ya kashe ta ba. Ka tuna wa ya faɗa?" Ya sa yaronsa ya kunna waya ya miƙo mini.

Ni ne a ciki. Ranar rufe kasuwa, a kan dandamali, da lasifika a hannu. Na ji muryata tana cewa, "Ƙanwata ta gani da idonta. Ta yi masa ihu, bai sake ta ba." Jama'a suka ɗauki kuwwa. Daga nan ne suka nufi ofishin 'yan sanda, wurin motar. A ranar ban tambaye ki komai ba, abin da na ji a rumfar shayi na maimaita. Daɗin tafi na ji, Kinjal. Ni da ko a ɗaurin aure ba a ba ni magana, ranar dubban mutane suna kiran sunana.

Ya karɓi wayarsa ya ce, "Ku Jain kuna da hankali, shi ya sa kuke da arziki. Ka lallashi ƙanwarka. In ta kunyata mu, matakalar Kesar ba za ta ƙara ganin ƙafar ɗayanku ba. Kuma yaran nan da suka ƙone mota, ba ni da linzaminsu kullum. Yadi yana cin wuta da sauri." Sannan ya ce a kawo mini shayi. Na sha.

Na karanta wasiƙar matar. Na san Sattar. Lokacin da Baba yake kwance, shi ke ajiye mana madara a ƙofa kafin ya wuce kamfani, ya ce ta tsoho ce, ta safe ta fi. Na gane shi a hoton tun ranar farko.

Mama ta ce in gaya miki ta ba da ke ga addini ne don ki zama abin alfahari, ba don a nuna ta da yatsa a haikali ba. Rupal ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta. Ina roƙonki kada ki je. Na san abin da nake roƙo, kuma ina roƙo duk da haka.

In kin ƙi ji, kada ki bi babbar hanya. Ki bi ta gefen layin dogo.

Yayanki,
Nalin

*

Masaukin masu zuhudu, Ratanvav

Nasim-banu, 'yar'uwa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Rukhsar da ƙannenta. Na daɗe ban amsa ba, don ban so in aiko miki da takarda ba komai a ciki.

Na je gaban majistare. Kanta-ben ta raka ni, ta ce ita ƙafarta ba ta da doka. Mun fita da safe ta gefen layin dogo. Ruwa ya sauka a daren, hanya cike da tana da 'yan kwaɗi. Na share abin da na iya sharewa, sauran na taka. Mun ƙetare kogin ta gada. Wani mutum ya biyo mu daga nesa da lema, in mun tsaya ya tsaya. Yayana ne. Da muka isa kotu ya zauna a gindin bishiya a waje. Na aika Kanta-ben ta ce ya shigo ya faɗi abin da ya sani game da tifar. Ya ce mata ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba. Ina gaya miki wannan don kada ki ji an ce ya taimaka ki ɗauka gaske ne, kuma kada ki ji an ce bai zo ba.

Lauyan gwamnati ya tambaye ni, "In mutumin nan taimako yake yi, me ya sa kika yi ihu?" Ɗakin ya cika da mutanenmu, wasu na taɓa cin abincin gidansu. Na ce, "Don namiji ne, kuma na ga hularsa ta Musulmi." Ban taɓa faɗin rabin na biyu ba, ko ga kaina. Da mai rawanin manoman Hindu ne ya ɗauke ta, ina jin da murya ƙasa-ƙasa zan yi magana. Majistare ta rubuta. Na faɗi launin tifar da kayan da ta ɗauko. Lauyan mijinki ya ce da wannan za a iya samun beli.

Babban malaminmu ya ɗora mini kaffarar azumi saboda fita da damina, kuma bayan ta wuce za a tura ni can yankin Kutch mai nisa. Na karɓa, na karya doka ina sane. Yanzu in na fita karɓar abinci, ƙofofi da yawa a rufe nake tarar da su, har da ta mahaifiyata. Akwai masu buɗewa. Ba kuka nake kawo miki ba, abin da ya same ni bai kai ƙurar naku ba.

A wurinmu ana neman gafara ne fuska da fuska. Ba a barina shiga kurkuku, kuma ban san ko zai so ganina ba. Ki gaya wa Sattar-bhai cewa ni ce mai ihun, ni ce kuma na ji ana dukansa ban juya ba, na yi shiru yana tsare. Ina neman gafararsa, da taki. In ba ku bayar ba, ba ku yi laifi ba.

Da girmamawa,
Maitri-shri

*

Baiwar Allah,

Ina gaishe ki. An ba shi beli ranar Litinin. Shari'a ba ta ƙare ba, kuma ba a kama mai tifa ba. Mun sayar da gidan kafin su rushe shi, za mu koma Ahmedabad wurin ƙanena. Kada ki ƙara aiko da takarda nan.

Na karanta masa wasiƙarki ta kunnen dama. Ya ce, "Ita ma tsoro ta ji. Ki ce mata na yafe." To na faɗa miki.

Tawa gafarar kuma, ki dakata. Da muka ɗauko shi daga kurkuku a keke mai ƙafa uku, mun tarar da babur ya faɗi kusa da gada, wani saurayi yana kwance, ƙafarsa ta karye. Mai keken ya rage gudu. Sattar ya dubi yaron, ya dafa kafaɗar mai keken ya ce, "Wuce, ɗan'uwa. Wuce." Har muka isa gida bai ɗago kansa ba.

Shekara ashirin da wani abu ina faɗa da shi a kan tsaye-tsayen nan nasa a hanya. Ranar ya ji maganata.

Allah ya kai ki Kutch lafiya.

Nasim-banu